Ra'ayi: Sukari na ceton wanda sugansa ya faɗi, amma wake da gero ne ke riƙe masa yini

A Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, da wuya ka zauna da matasa biyar ba ka samu wanda ya san wannan hali ba: wajen ƙarfe 11 na safe hannu ya kama kyarma, zufa mai sanyi ta keto, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ido ya yi duhu, rai ya ɓaci ba dalili. Sunan da aka raɗa wa abin shi ne "sugana ya sauka". Maganin da kowa ya sani kuma shi ne lemun kwalba mai sanyi, ko kofin shayi wanda ya ji sukari. Cikin minti goma mutum ya warware ya koma bakin aikinsa. Bayan awa biyu ko uku abin ya dawo, a sake aiken yaro kanti.

A ganina muna haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Sukari maganin gaggawa ne, kuma a wannan matsayi yana ceton rai. Abincin da ke hana faɗuwar tun farko kuwa daban yake, kuma yawancinsa yana nan a kasuwanninmu da araha. Wanda ya mai da maganin gaggawa abincin kullum, shi ke haƙa ramin da yake faɗawa. Kafin duka wannan ma akwai matakin da muke tsallakewa: aunawa.

Yadda jiki ke riƙe suga

Duk jinin da ke jikin babban mutum, sugan da ke yawo a cikinsa bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin kusan giram 120 a yini, kuma ba ta da wurin ajiya. Shi ya sa jiki ke da rumbu, wato hanta, wadda ke ajiye kimanin giram 100 tana sakinsa kaɗan-kaɗan tsakanin abinci da abinci da kuma lokacin barci. Wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira pankiriyas, ita ke tsaron ƙofar rumbun. Idan aka ci abinci sai ta saki insulin, ya kwashe suga daga jini ya kai ajiya. Idan suga ya yi ƙasa sai ta saki gulukagon, ya buɗe rumbun.

Iyakar da likitoci suka tsayar ita ce 0,70 g/L. Ƙasa da nan ne ake cewa suga ya faɗi, abin da ma'aikatan lafiyarmu ke kira ipoglisemi. A nan jiki ke buga ƙararrawa da sinadarin adirenalin, shi ke kawo kyarma, zufa, bugun zuciya da yunwa mai tsanani. Idan ya gangara ƙasa da 0,54 g/L, ƙwaƙwalwa ce ke fara rasa abinci: mutum ya ruɗe, harshe ya harɗe, ya riƙa ganin abu biyu-biyu, ya yi tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Idan ba a kai masa ɗauki ba zai iya suma ko ya yi jijjiga, kuma ana iya rasa rai.

Ƴan uwanmu da ke waje su lura da ma'auni. A Nijar, Faransa da Aljeriya an fi rubuta g/L. A Amurka mg/dL ake rubutawa, a Ingila kuwa mmol/L. Saboda haka 0,70 da 70 da 3,9 duk magana ɗaya ce. Wanda ya sayo na'ura a wata ƙasa ya kawo gida, ya fara duba da wane ma'auni take magana.

Mutum biyu, matsala biyu

Masu kuka da faɗuwar suga kashi biyu ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Kashi na farko su ne masu ciwon suga da ke yin allurar insulin, ko suke shan ƙwayoyin da ke tilasta wa jiki sakin insulin, irin su gilibenkilamid, wanda da yawa suka fi sani da sunan Daonil. Waɗannan magunguna ba ruwansu da ko ka karya kumallo ko ba ka karya ba, aikinsu za su yi. Mutum ya sha ƙwaya da safe, abincin rana ya makara, ko ya yi doguwar tafiya a ƙasa, ko ya shiga gona, sai sugan ya zube. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda, domin maganin na daɗewa a jikinsu. Faɗuwar da gilibenkilamid ya jawo tana iya dawowa bayan an sha sukari an ji sauƙi, shi ya sa ake son a kai irin wannan mara lafiya asibiti ko da ya farfaɗo. Metformin, idan shi kaɗai ake sha, ba kasafai yake faɗar da suga ba. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa kowane ɗa ya san sunan maganin da mahaifiyarsa ko mahaifinsa ke sha.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba su da ciwon suga kuma ba su shan kowane magani. A nan yawancin matasanmu suke. Gaskiyar da ba a son ji ita ce lafiyayyen jiki da wuya sugansa ya sauka zuwa matakin haɗari, ko da an yini ba a ci ba, domin rumbun hanta na aiki. Akwai dai waɗanda bayan awa biyu zuwa huɗu da cin abinci mai zaƙi ko mai fulawa, jikinsu ke sakin insulin fiye da ƙima, sugan da ya yi tsalle sama ya rikito ƙasa. A wasu lokuta wannan hawa da sauka alama ce ta farko cewa ciwon suga na tafe.

Amma kyarma da jiri ba na suga kaɗai ba ne. Ƙarancin jini na kawo su. Haka ƙishirwa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Haka zazzaɓin cizon sauro, rashin barci, damuwa, shigar ciki, da yawan shayi ko kofi a cikin da ba kowa. Tun a 1938 wani likitan fiɗa ɗan Amurka, Allen Whipple, ya kafa sharuɗɗa uku da har yau ake aiki da su: a ga alamomin, a auna a samu sugan ya yi ƙasa a daidai lokacin da ake jin su, sannan alamomin su gushe idan sugan ya dawo daidai. Mutane da dama da ke rantsuwa sugansu na sauka, idan aka auna su a lokacin da suke kyarmar sai a tarar lafiya lau yake. Irin wannan mutum, idan ya ci gaba da yi wa kansa magani da lemun kwalba, yana ɓoye ainihin ciwonsa kuma yana tara wani. Gwajin da aka yi washegari da safe bayan komai ya lafa ba zai ba da amsa ba. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa a lokacin da abin ya taso shi ne shaida. Gani ya kori ji.

Abubuwa uku na nan gida

Akwai dalilai uku da suka shafe mu kai tsaye, waɗanda ba a cika ambatarsu ba.

Na farko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ke faɗar da suga musamman ga ƙananan yara da mata masu ciki. Kinin, maganin da aka daɗe ana sawa a ƙarin ruwa, shi ma yana ingiza jiki ya saki insulin. Yaron da ke zazzaɓi a damina ya ƙi cin abinci, ya yi laushi, ya fara jijjiga, wurinsa asibiti ne nan take. Lokacin da ake ɓatawa ana neman mai hayaƙin iska, ƙwaƙwalwar yaron ce ke biya.

Na biyu tramol. Kowa ya san yadda wannan ƙwaya ta shiga cikin masu aikin ƙarfi, ƴan kabu-kabu da masu haƙar zinariya. An tabbatar a likitance cewa tana iya faɗar da suga, ban da jijjigar da take jawowa. Matashin da ya haɗiye ta da kofi da asuba, ya hau babur bai ci komai ba, ya ɗauko fasinja, ba ransa kaɗai ya sa a caca ba.

Na uku giya a cikin da ba abinci. Idan hanta ta shagala da sarrafa giya sai ta daina ƙera suga, kuma faɗuwar na iya zuwa cikin barci, awanni bayan an sha. Abin takaici, alamomin sun yi kama da maye, sai a bar mutum a kwance a ce zai wartsake.

Idan abin ya taso

A nan ne sukari ke da ranarsa. Ƙa'idar da ake koyarwa ko'ina ita ce ta 15 da 15. Idan mutum na cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 na zaƙi mai saurin shiga jini: ƙwaya uku ta sukarin kwali, ko babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofi na lemun kwalba mai sukari. A jira minti 15, a sake aunawa in da na'ura. In bai haura 0,70 ba a maimaita. Da ya dawo daidai sai a bi da abinci na gaske, domin sukarin ba ya daɗewa. Ƙaramin yaro ƙasa da haka ake ba shi. Lemun da aka rubuta ba sukari a jikinsa ba shi da amfani a nan, haka cakulan da soyayyen abu, domin mai yana jinkirta shigar zaƙin.

Idan kuwa mutum ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko fura ko rubutu. Abin zai iya bin hanyar numfashi ya shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a gaya wa ma'aikata maganin da yake sha.

Abin da ke riƙe yini

Mu dubi karin kumallon matashin birni: farin burodi, shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, wani lokaci fanke. Da rana lemun kwalba. Da yamma da dare kuma fada, inda ake zagaye uku na shayi, kowane zagaye da nasa sukarin. Gwangwanin Coca-Cola mai santilita 33 na ɗauke da giram 35 na sukari. Tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci, wato kimanin giram 50 a yini ga babba, ƙaramin cokali 12. Ta ce ya fi kyau ma a tsaya a rabin haka. Kowa ya ƙirga nasa ya gani ko yana kai azahar bai wuce iyaka ba.

Irin wannan ci kamar wutar kara yake, ta tashi fuu ta mutu. Abin da jiki ke so wutar gungume ce mai ci a hankali. Abu uku ne ke rage gudun shigar suga cikin jini: dusar hatsi da ganye, abinci mai gina jiki, da ɗan mai. Dukansu suna cikin girkinmu. Koko shi kaɗai da sukari zai bar ka da kyarma kafin azahar, amma koko da ƙosai wata magana ce. Shinkafa da wake, a rinjayar da waken. Ɗan wake da ƙwai. Dambu da zogale da ƙuli-ƙuli. Fura da nono ba tare da an zuba mata sukari ba. Awara, tuwon gero ko na dawa da miyar kuka ko ta kuɓewa. Mai son burodi ya haɗa shi da ƙwai, wake ko kifin gwangwani, ya rage sukarin shayin zuwa rabi. A aljihu ko cikin jaka kuma a ajiye gyaɗa, aya wadda jihar Maraɗi ta shahara da nomanta, cuku ko ɗan kilishi, domin kada a wuce awa uku zuwa huɗu ciki ba komai.

Wannan ba son gargajiya ba ne kawai. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT, wadda ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, ta jagoranci wani nazari da aka buga a 2021 wanda ya tattara binciken da aka yi kan dangin gero. A ma'aunin saurin ɗaga suga, matsakaicin makinsu ya tsaya wajen 53, ƙasa ƙwarai da na farar shinkafa da fulawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero. Sai dai a kiyaye: geron da aka surfe tas, aka niƙa shi lilis, aka tace aka dama da sukari, ya rasa yawancin wannan fa'ida. Yadda aka sarrafa hatsin da abin da aka haɗa shi da shi su ne ke magana.

Wani zai ce mai neman na yau ba ya zaɓen abinci. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ke kwana da yunwa saboda babu, matsalarsa ta wuce shawarar likita, kuma wannan nauyi ne a wuyan hukuma da al'umma. Amma yawancin masu karanta wannan shafi ba rashin kuɗin ƙosai ke damunsu ba. Kuɗin lemun kwalba ɗaya zai sayi ƙosai ko gyaɗar da za ta kai mutum la'asar. Abin da ya faru shi ne mun ɗauki kwalba da leda a matsayin wayewa, mun bar wake wa mutanen ƙauye.

Azumi

Mai ciwon suga da ke shan magani ya kamata ya ga likitansa makonni shida zuwa takwas kafin watan Ramadan, domin a duba ko zai iya azumi, a kuma gyara masa lokaci da yawan magani. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da ƙwararrun ƙasashen Musulmi sun ce a karya azumi nan take idan suga ya sauka ƙasa da 0,70 g/L, ko da saura kaɗan a kira magariba, kuma huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, jin kunyar idon mutane bai kai a suma a kansa ba. Ga kowa da kowa kuma, jinkirta sahur da yin sa da wake, gero, nono ko ƙwai ya fi yin sa da shayi da burodi. Da buɗa-baki dabino ɗaya zuwa uku da ruwa sun wadatar kafin abinci, ba sai an shanye jug na zoɓo mai sukari ba.

Ga ƴan uwa da ke waje

Mai aikin gini a Aljeriya ko Libiya, mai gadin dare a Legas ko Abijan, mai tuƙin tasi ko kai saƙo a Amurka da Faransa, duk matsalarsu ɗaya: lokacin cin abinci ba a hannunsu yake ba, kuma abin da ya fi kusa da hannu shi ne lemu, biskit da abin shan ƙara kuzari. Idan kana shan maganin suga, kada ka ɓoye wa abokin ɗakinka ko abokin aikinka. Ka nuna masa inda kake ajiye sukari, ka gaya masa abin da zai yi in ka ruɗe. Ka riƙe ƴar takarda a aljihu da harshen ƙasar da kake, mai ɗauke da sunan ciwonka da maganinka, domin a wurin da ba a san ka ba, mai tangaɗi da harɗewar harshe ana iya ɗaukarsa mashayi. In alamomin suka zo kana tuƙi, ka tsaya gefe ka kashe mota. A Ingila hukumar lasisin tuƙi ta ce a jira minti 45 bayan suga ya dawo daidai kafin a sake kama sitiyari, domin ƙwaƙwalwa ba ta dawowa da saurin jini.

Masu aiko da kuɗi gida kuma, in akwai tsoho mai ciwon suga, na'urar gwaji da ƴan sandunanta sun fi katan ɗin alewa daraja. A tabbatar sandunan na irin na'urar ne kuma ana samunsu a farmasin gida, a ajiye su inda zafi ba zai lalata su ba. Kada a aiko da magani don an ga ya karɓi wani. Ƙwayar da ta dace da mai shekara 40 a Turai tana iya kayar da tsohuwa mai shekara 70 a Tasawa.

Abin da ya rage ga hukuma da gare mu

Ba hujja a ce akwai CSI a ƙasar nan da za a kawo mata sumammen yaro ko tsoho ba ta da abin auna suga. Ma'aikatar lafiya ta ɗauki na'urar da sandunanta kamar yadda ta ɗauki gwajin zazzaɓin cizon sauro, abin da bai kamata ya yanke ba. Masu farmasi kada su miƙa gilibenkilamid ko insulin ba tare da sun yi wa mai saye bayanin alamomin faɗuwa da ƙa'idar 15 da 15 ba, da harshen da yake ji. Maganin suga kuma ba kayan talla ba ne da za a sayar a tire cikin rana. Ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, ana ta gargaɗi kan hawan suga. Ya kamata gidajen rediyonmu su ba saukarsa ma fili, domin hawan yana ɓarna cikin shekaru, saukar kuwa cikin awa ɗaya.

Namu rabon ba shi da tsada. Wanda kyarma da jiri ke yawan dawo masa ya rubuta lokacin da suke zuwa da abin da ya ci kafin nan har tsawon mako biyu, ya nemi a auna shi a daidai lokacin, ya kai wa ma'aikacin lafiya takardar. Ya canza karin kumallonsa tun gobe. Fada kuma da ke iya haɗa kuɗin sukari da gawayi kowane dare tana iya haɗa na gyaɗa, ta rage ƙwaya biyu a kowace buta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da aboki ya zube a gabanku ba ita ce ranar fara tambayar abin da ake yi ba.